Ku Bi Gefen Ruwa, Kada Ku Shiga

Wani baffana tela ne a New Bell, cikin birnin Duwala na ƙasar Kamaru. Ya fi shekara talatin a kan keken ɗinki. Da asuba ya je masallaci, taku kaɗan ne daga ƙofar gida. Ya dawo ya karya kumallo, ya hau babur ɗin haya, wanda can suke ce wa bensikin, ya sauka a bakin shago. Daga nan sai zama har magariba. Bara ciwon kai ya matsa masa. Da aka gwada shi, aka tarar jininsa ya hau ƙwarai. Likita ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce ya rage gishiri, ya kuma ce ya riƙa tafiya da ƙafa kullum.

Da na je gaishe shi na ce, "Baffa, kuna yin tafiyar kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, ƙwaya dai ina sha. Amma tafiya, ina zan taka? Leƙa waje ka gani."

Na leƙa. Lungu ne da mutum biyu ba sa jerawa, lambatu cike da baƙin ruwa a tsakiya, babura na kutsawa ta kowane gefe. Baffa bai faɗi ƙarya ba. Wannan magana tasa ce ta sa na rubuta abin da kuke karantawa. Ra'ayina shi ne: tafiya da ƙafa magani ce da ya kamata iyali su sha tare, kuma babu hanyar da ta fi gefen magudanar ban-ruwa sauƙi ga tsoho da yaro. Amma da sharaɗi guda. A bi gefen ruwan, kada ƙafa ta shiga cikinsa.

Me ya sa New Bell ta matse haka?

Unguwar ta samo asali tun zamanin Jamusawa. Wajen 1913 da 1914 suka tashi mutanen Bell, 'yan ƙabilar Duwala, daga filayensu na bakin kogin Wouri, suka ware musu wani wuri can baya. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, ya ƙi yarda da ƙwacen, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya baƙi ne suka cika wurin: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa, da mutanen Nijeriya da sauran ƙasashe. Kowa ya zo ya kafa ɗaki a inda ya samu. Har yau akwai ɓangaren da ake kira da sunan Hausawa, ga babban masallaci, ga babbar kasuwa kusa.

Ƙasar wurin kwari ce mai dausayi. Ruwan saman da ke sauka a Duwala cikin shekara ya fi ninki uku na Kano, ya fi kuma tsanani a Yuli da Agusta. Shara ta toshe magudanai, ruwa ya rasa hanya, ya haɗu da na masai, ya gangara rijiyoyi. Ta haka kwalara ke samun ƙofa. A 2004 ta kama dubban mutane a Duwala. Saboda haka idan mutumin New Bell ya ji an ce "gefen ruwa", wari yake tunawa da sauro. Bai san akwai gefen ruwan da ake zuwa shan iska ba.

Ranar da muka fita

Cikin watan Janairu, lokacin da ruwan sama ke ɗagawa a can, muka lallashi Baffa muka shiga mota da shi da iyalinsa da jikoki uku. Muka bi hanyar Nkongsamba, muka wuce Mbanga da Njombe da Penja, ƙasar ayaba da masoro, har kusa da Loum, kimanin kilomita 100 daga Duwala. Garin na gindin dutsen Kupe, wanda tsayinsa ya haura mita 2,000.

Da Baffa ya ɗaga kai ya ga dutsen sai ya ce, "Wannan za ku sa ni hawa? Ku mai da ni gida."

Ba hawa muka yi ba. Wani manomi da ya san ɗaya daga cikinmu ya nuna mana 'yar hanyar ruwa da suka jawo daga rafi zuwa lambunansu, da turbar ƙafa a gefenta. Muka bi ta. Ga inuwa, ga iska mai sanyi, ga ƙarar ruwa. Muka yi rabin sa'a muna tafe, muka zauna muka ci ƙosai da ayaba, muka juyo. Baffa ya yi gumi, amma bai yi haki ba. Iya, matarsa, wadda ta ce rabonta da tafiyar da ta wuce gidan biki har ta manta, ita ce a gaba wajen dawowa.

Me ya sa gefen magudana ba ya gajiyarwa?

Duk manomin rani ya san amsar. Ruwa ba ya hawa tudu. In kuma gangaren ya yi yawa, sai ya yi gudu ya cinye gaɓa ya fasa. Don haka mai haƙa magudana yakan bi da ita ta kewaye tudun, tana sauka kaɗan-kaɗan yadda ido ma ba ya gani. Turbar da ke gefenta, wadda masu gyara ke bi, ita ma haka take, kusan a shimfiɗe. Kana cikin duwatsu amma kamar kana tafiya a fili. Ba a kuma ɓata, gama ruwan ne jagora: ka bi shi ka je, ka bi shi ka dawo.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A tsibirin Madera na ƙasar Fotugal akwai magudanan da aka fara haƙawa a jikin duwatsu shekaru ɗaruruwa da suka wuce don shayar da rake. Yau mutane na zuwa daga nesa su bi gefensu da ƙafa. A yankin Valais na Suwizalan ma iyalai kan fita da yara da kakanni su bi tsofaffin hanyoyin ruwan da ke shayar da makiyaya da gonakin inabi. A Oman suna da nasu, suna ce musu falaj. Abin da manomi ya haƙa don amfanin gona ya zama wurin neman lafiyar jiki.

Mu ma muna da su. Akwai manyan magudanan da ke ɗauko ruwan madatsar Tiga zuwa Kadawa da Kura a jihar Kano. Akwai na Bakolori kusa da Talatar Mafara. Akwai na Birnin Ƙonni da na Jiratawa kusa da Maraɗi. A arewacin Kamaru akwai na Lagdo kusa da Garwa, da na shinkafar Maga da Yagwa. Ban da waɗannan, kusan kowace fadama tana da 'yar hanyar ruwanta. Yawancinsu ba cikin duwatsu suke ba, amma sauƙin tafiyar ɗaya ne.

Abin da tafiya ke yi wa jiki

Zuciya tsoka ce, aiki ke ƙarfafa ta. Tafiyar kullum tana rage hawan jini, tana taimakon jiki ya ƙone sukarin da ke cikin jini, tana rage teɓa, tana sassauta gwiwa da ƙugu, tana kawo barci mai daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato rabin sa'a a rana, kwana biyar. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuwa sa'a guda kullum.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai ji komai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake gwadawa wata rana aka same shi haka, to jini ya hau. Wanda aka ɗora a kan ƙwaya kada ya ce tafiya ta ishe shi ya ajiye ƙwayar. Biyun tare suke aiki. Likitan da ya rubuta ita ne kaɗai zai ce a rage ko a canja.

Sharaɗin da na faɗa

Muna cikin tafiya ran nan, ƙaramin jikan Baffa ya tuɓe takalmi zai faɗa ruwa. Ruwan garai-garai, ana ganin tsakuwar ƙasa. Na riƙe hannunsa. Iya ta ce, "Haba, bar yaro ya yi wasa mana. Wannan ai ba irin ruwanmu na kwata ba ne."

A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Ruwan kwata kowa na gudunsa don yana wari. Ruwan magudana kuwa yana da haske, shi ya sa ake sakin jiki da shi. Amma tsargiya, wato fitsarin jini, a irin wannan ruwan take zama. Loum ɗin nan da muka je, likitocin Kamaru sun daɗe da sanin cewa akwai cutar a rafukanta. Haka abin yake a wuraren noman rani da yawa na ƙasar Hausa da arewacin Kamaru. Iyalan Suwizalan na iya tsoma ƙafa a ruwansu, don cutar ba ta can. Namu ruwan daban ne.

Ga yadda take yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko a bakinsa. Ƙwayayen tsutsa da ke ciki su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyawar gefen ruwa. Bayan 'yan makonni dubban ƙananan tsutsotsi su fito daga katantanwar, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga ruwan, ko wanka, ko wanki, ko alwala, ko tsallakawa kawai, sai su huda fatarsa su shige. Ba sai an sha ruwan ba, ba sai da rauni a jiki ba. Sun fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara zuwa ruwa.

A cikin jiki tsutsar takan girma ta zauna a jijiyoyin jinin mafitsara ko na hanji, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Bayan wata biyu ko uku ake fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Wasu kan ce wai alamar balaga ce ga yaro namiji. Wannan kuskure ne mai tsada. Yaron jini yake rasawa, shi ya sa yake ramewa, yake gyangyaɗi a makaranta. In an bar ta, tana lalata mafitsara da ƙoda da hanta, tana iya kai wa ga ciwon daji na mafitsara. Ga mata kuma tana taɓa mahaifa da al'aura, ta kawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har ta hana haihuwa. Sau da yawa a ɗauka ciwon sanyi ne, a yi ta zargin juna a gida a banza.

Tana da magani, sunansa praziquantel. Akan raba shi a makarantu a Kamaru da Nijeriya da Nijar, ana auna tsawon yaro a ba shi daidai nasa. A sha bayan an ci abinci. Amma maganin tsutsar da ke jiki yake kashewa, ba ya tsare mutum daga sabuwa. Wanda ya warke yau ya koma ruwan gobe, ya sake ɗauka.

Akwai haɗari na biyu. Babbar magudana ta siminti gefenta na da santsi, ruwanta ya fi yadda ake gani ƙarfi, kuma a wasu wurare takan shige ƙarƙashin hanya. Yaron da ya zame ba ya samun abin kamawa. Na uku, ruwan da ya ratsa gonaki yana iya ɗauko taki da maganin feshi. Ba na sha ba ne.

Masu cewa a'a

Na san abin da wasunku za su ce, don an faɗa mini.

Wani zai ce, "Mu manoma ne, kullum a tafe muke. Wannan maganar 'yan birni ce." Gaskiya ne ga mai noma da damina. Amma duba gidanka da kyau. Tun da babur ya shigo ƙauye, wa ke zuwa kasuwa da ƙafa? Tsohon da ya bar gona, ina yake wuni in ba gindin bishiya ba? Mai shago fa, da mai injin niƙa, da mai ɗinki? Hawan jini da ciwon sukari sun daɗe da isowa ƙauye.

Wani zai ce, "Babban mutum ya kama yawo ba dalili? Sai a ce ya tsiyace ko ya zautu." Baffa ma ya faɗi haka. Na ce masa, "Baffa, da a ce kun zautu kuna tafe da ƙafarku, da a zo gaishe ku kuna kwance ana juya ku, wanne ya fi?" Ya yi shiru. Kuma wanda ya fita da jikokinsa ba wanda zai ce yawon banza yake yi. Yana nuna musu gona ne, yana koya musu sunayen itatuwa.

Wani zai ce, "Matanmu ba sa fita." Kowane gida da tsarinsa, ban zo rushe na kowa ba. Sai dai jikin mace ma jiki ne. Matar da ke wuni a tsakar gida, ga haihuwa, ga ƙiba na ƙaruwa, tana cikin waɗanda suka fi bukatar tafiyar nan. In maigida na tare da ita, da 'ya'yansu, da sassafe ko da la'asar, ina abin kunya a ciki? Wannan na cikin dalilan da suka sa na ce a fita iyali guda.

Wani kuma zai ce, "To in ruwan na da cuta haka, me ya kai mu gefensa? A hana yara zuwa gaba ɗaya." Wannan ita ce magana mafi nauyi, amma ban yarda da ita ba. Yaran suna zuwa, ko an hana ko ba a hana ba. Suna zuwa su kaɗai, da tsakar rana, su yi iyo. Gara su je da uba ko kaka wanda zai ɗago katantanwar da sanda ya nuna musu, ya ce ga mai kawo fitsarin jini. Yaron da ya gani da idonsa ya fi kiyayewa bisa wanda aka yi wa tsawa daga zaure.

Mai aikin ban-ruwa kuwa, wanda ba shi da makawa sai ya shiga, ya nemi dogon takalmin roba, ya rage daɗewa a ciki, ya riƙa zuwa gwajin fitsari. Kowa kuma ya daina fitsari da bayan gida a bakin ruwa. In ƙwai bai isa ruwa ba, katantanwa ba ta da abin da za ta raba.

Yadda za a shirya

Ku fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, ku dawo kafin magariba, lokacin da sauro ke tashi.

Ku nemi izinin mai gona ko mai kula da ruwan. Kada a taɓa makullin ruwa, kada a taka shuka.

Kowa ya sa takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da maciji. Babba ɗaya a gaba da sanda, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya, ta ɓangaren da ba ruwa.

Ku ɗauki ruwan sha daga gida, da na alwala da wanke hannu. In dole ta sa a yi wanka da ruwan magudana, a tafasa shi ya huce, ko a ajiye shi a rufe kwana biyu cur, tsutsar takan mutu. Wannan ajiyewar don wanka ce kawai, ruwan sha sai an tafasa.

Ku yi saurin da za ku iya hira amma numfashi ya ɗan ƙaru. Wanda ya daɗe bai yi tafiya ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai ciwon sukari ya ci wani abu kafin ya fita, ya riƙe dabino ko ɗan sukari a aljihu, ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo. Mai juna biyu tana iya tafiya a hankali in ba a hana ta a wurin awo ba.

Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti. Haka wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe. Wannan ba ya jiran gobe.

Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa, ya kawo fitsarin a gwada.

Komawa New Bell

Ba kowane mako mutumin New Bell zai sami kuɗin motar zuwa gindin dutse ba. Fita irin tamu sau ɗaya ce ko biyu a shekara. Amfaninta shi ne ta nuna wa Baffa cewa ƙafarsa na nan da ƙarfinta. Yanzu in an idar da sallar asuba, kafin babura su cika titi, shi da maƙwabtansa biyu sukan bi babban titi su yi rabin sa'a. Kwana uku a mako yana zuwa shago da ƙafa. Ranar Lahadi Iya da jikoki kan bi shi. Ya kuma shiga cikin masu tara samarin layinsu su yashe lambatu kafin damina, don ya ce ya gaji da tsallake ƙazanta. Ƙwayarsa yana sha, awonsa ya sauko.

Ku da kuke ƙauye, abin da Baffa ya yi tafiyar kilomita 100 ya gani yana bayan gidanku. Turbar na nan, ba a biyan ko sisi. Wannan makon ku zaɓi rana guda, ku ɗauki tsohon gida da uwar gida da yara, ku bi gefen ruwan ku dawo. Ku riƙe hannun ƙaramin.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya.